Ole Kirk Christiansen: Kafintan Da Gobara Ta Ci Shagonsa Sau Biyu Amma Ba Ta Ci Sunansa Ba

Mun saba kawo muku tarihin sarakuna da malamai da manyan attajirai, to a yau za mu ɗan sauya akala, mu leƙa ƙasar Danmak da ke arewacin Turai, domin mu ɗauko tarihin wani kafinta ɗan ƙauye mai suna Ole Kirk Christiansen, wanda ya rayu daga 1891 zuwa 1958, wanda kuma ya yi suna ta hanyar sassaƙa wa yara agwagi da motoci na katako.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa ɗan kasuwar Gadarif ko na Gallabat da wani kafintan Turai da ya mutu tun kafin a haifi yawancinmu? Dalilai biyu ne suka sa muka zaɓo shi. Na farko, 'yan bulullukan robar nan masu launi-launi da yara ke harhaɗawa su gina gida ko mota, waɗanda muke gani a teburan masu kayan wasa musamman lokacin Sallah, yawancinsu kwaikwayo ne da ake shigo da su daga Sin, amma kamfanin da ya yayata su a duniya, wato LEGO, daga shagon wannan kafinta ya tsiro. Na biyu kuwa, tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, garin Gadarif ya karɓi ɗimbin 'yan'uwanmu da suka baro shaguna da rumfuna a Khartoum da Omdurman da Wad Madani, wasu an wawashe, wasu an ƙone. Cikinsu akwai 'yan kasuwa, akwai teloli, akwai kafintoci, kuma da yawansu sun wayi gari ba su da komai sai sana'ar da ke hannunsu. Tarihin wannan mutum tarihi ne na wanda ya sha irin wannan faɗuwa ba sau ɗaya ba.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Ole Kirk Christiansen a ranar 7 ga Afrilu, 1891, a yankin ƙauyen Filskov da ke tsakiyar lardin Jutland na ƙasar Danmak. Wannan yanki a wancan zamani ƙasa ce mai yashi wadda ba ta ba da amfanin gona sosai, saboda haka mutanensa talakawa ne. Gidansu gida ne mai 'ya'ya da yawa, abinci kuma da ƙyar yake zagayawa. Tun yana ƙaramin yaro aka tura shi kiwon dabbobin wasu manoma domin ya taimaka wa gida, yana haɗawa da makarantar ƙauye inda ya koyi karatu da rubutu. A wajen kiwon nan ne ya saba da 'yar wuƙa yana feƙe itace yana fitar da siffofi, kamar dai yadda yaranmu ke zama a gindin bishiya bayan an yi girbin dawa suna haɗa motar kara.

A 1905, yana ɗan shekara 14, aka kai shi koyon kafinta a wajen yayansa Kristian Bonde Christiansen. Ya yi shekara shida a ƙarƙashinsa, har zuwa 1911 da ya samu shaidar ƙwarewa. Daga nan ya tafi ci-rani, ya yi aiki a Jamus, sannan ya wuce Norwe, inda ya haɗu da wata yarinya mai suna Kirstine Sørensen wadda ta zama matarsa. A 1916 ya komo gida da ɗan abin da ya tara, ya sayi wani shagon kafinta a ƙauyen Billund, wanda aka kafa tun 1895.

Billund a lokacin ƙaramin ƙauye ne na manoma, sai 'yar tashar jirgin ƙasa. Aikin Ole shi ne gina wa manoma gidaje da rumbuna da ɗakunan dabbobi idan yanayi ya yi kyau, idan sanyi ya shigo kuma ya koma cikin shago yana yin ƙofofi da tagogi da kabad da tebura. Allah Ya ba su 'ya'ya maza huɗu, Johannes da Karl Georg da Godtfred da kuma Gerhardt. Shi dai Ole Kirista ne mai riƙo da addininsa ƙwarai, kuma waɗanda suka zauna da shi sun san shi da yin aiki mai kyau ko da kuwa ribar ba ta taka kara ta karya ba.

Gobarar farko

A 1924 ne jarrabawa ta farko ta same shi. 'Ya'yansa biyu, Karl Georg da Godtfred, waɗanda ba su wuce shekara biyar da huɗu ba, suna wasa a cikin shago sai suka kunna wuta kusa da ɓawon katakon da ake fiƙewa. Duk wanda ya taɓa shiga shagon kafinta ya san abin da wuta ke yi idan ta samu busasshiyar dusar katako. Kafin a ankara shagon da gidan da suke kwana duk sun ƙone ƙurmus. Yaran dai sun tsira.

Maimakon ya rage buri, sai Ole ya sa aka zana masa gida da shago da suka fi na da girma, har da gumakan zakuna biyu a bakin ƙofa, kuma wannan gida yana nan a Billund har yau. To sai dai ginin ya fi ƙarfin aljihunsa, ya jefa shi cikin bashi, har ta kai shi da iyalinsa suka takura a wani ɓangare na gidan suka ba da sauran haya. Wannan kuskure ne da 'yan kasuwa da yawa ke yi bayan asara, wato gaggawar nuna wa mutane cewa ba a karye ba. Bashin nan ya bi shi shekara da shekaru.

Shekarar baƙin ciki

A watan Oktoban 1929 kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe, karayar arziki ta bazu a duniya. Manoman Danmak sun dogara ne da sayar da man shanu da ƙwai da nama a ƙasashen waje, musamman Ingila, saboda haka da farashi ya faɗi sai suka rasa kuɗin gini da na gyara. Mu a Gadarif ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan wannan, domin mun san yadda gari ke zama a shekarar da riɗi da dawa suka yi kwantai, inda tela da kafinta da mai shayi duk sai sun ji a jikinsu ko da ba su da gona ko ɗaya.

Aiki ya tsaya wa Ole cik, ya riƙa sallamar ma'aikatansa ɗaya bayan ɗaya. Da ya ga babu mai iya gina gida, sai ya koma yin ƙananan kayan da talaka zai iya saye, irin su tsani da teburin guga da 'yan kujeru. A 1932 kuma ya fara yin kayan wasan yara na katako, da suka haɗa da motoci da jirage da dabbobi masu taya da ake ja da zare. Kamfanin LEGO yana ƙirga kafuwarsa ne daga ranar 10 ga Agusta, 1932.

A cikin wannan shekara ce kuma matarsa Kirstine ta mutu, ta bar shi da yara huɗu, ƙaraminsu ɗan shekara shida. Ga bashi, ga marayu, ga rashin ciniki. Da abin ya yi tsanani sai ya nemi 'yan'uwansa da su tsaya masa ya samu rance. Sun amince, amma sun matsa masa da ya bar wannan shirme na kayan wasa ya nemi aikin da ya dace da babban mutum, domin a ganinsu abin kunya ne a ce ƙwararren kafinta da ya gina gidaje ya ɓuge da sassaƙa agwagwa. Ole bai bar kayan wasan ba. Lissafinsa shi ne, komai tsananin talauci iyaye za su ƙuntata wa kansu su faranta wa 'ya'yansu rai da ɗan abin da bai fi ƙarfinsu ba.

Farkon cinikin bai zo da sauƙi ba. Akwai wani babban ɗan sari da ya yi odar kaya masu yawa, Ole ya sayi katako ya yi aikin, kafin a kai kaya sai ɗan sarin ya karye. Dole Ole ya ɗauki kayan da kansa yana bi kanti-kanti yana talla, kuma a wurare da dama sai dai aka yi ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda, wato a karɓi kayan wasa a ba shi kayan abinci. Haka kuma a 1932 an yi yayin wani abin wasa mai suna yoyo, wasu faya-fayan katako biyu da ake haɗawa a naɗa musu zare a riƙa wurgawa suna komowa hannu. Ole ya yi su da yawa, sai yayin ya wuce kwatsam ya bar shi da tari a sito. Bai zubar ba, bai kuma karyar da su ba, sai ya raba kowane yoyo gida biyu ya mayar da su tayoyin motocin katako. Duk ɗan kasuwar da kayan yayi suka taɓa kwana a hannunsa zai gane darajar wannan dabara.

A 1934 ya sake aure, ya auri Sofie Jørgensen wadda ta zo gidan domin kula da yaran, ita ma ta zuba ɗan abin da ta tara a cikin sana'ar. Sun haifi 'ya mace mai suna Ulla. A wannan shekara ce ya raɗa wa kamfanin suna LEGO, daga wasu kalmomi biyu na harshensu da ke nufin a yi wasa da kyau.

Yadda ake aikin

Yana da kyau mu ɗan tsaya mu yi bayanin yadda ake irin wannan aiki, saboda kafintocinmu da ke karanta wannan shafi. Ana fara zana siffar abin da ake so, ko agwagwa ko doki ko mota, a kan takarda mai kauri, a yanke ta, ta zama ma'aunin da za a riƙa ɗorawa a kan katako ana zagayewa da fensir. Daga nan sai a bi layin da zarto. Zarton da aka saba yanka katakon rufi da shi ba ya iya bin lanƙwasa, saboda haka masu wannan sana'a suna amfani da wani siririn zarto mai kama da zare, wanda ake ɗaure bakinsa sama da ƙasa ya miƙe tsam. Akwai na hannu, akwai kuma na inji wanda bakin ke hawa da sauka ta cikin wani rami a tsakiyar tebur, mai aiki yana juya katakon da hannu biyu kamar yadda tela ke juya yadi a ƙarƙashin allura. Idan ana son a fitar da rami a tsakiyar katako, kamar tagar mota, sai a huda ƙaramar kafa, a kwance bakin zarton a zura shi ta ciki, a sake ɗaurewa a yanka.

Irin wannan inji ya girmi zuwan lantarki gidaje. Tun a shekarun 1870 wani kamfani mai suna Barnes a garin Rockford na Amurka yake ƙera wanda ake takawa da ƙafa kamar keken ɗinki, a Ingila kuma kamfanin Hobbies na garin Dereham ya shahara tun 1895 wajen sayar da irin wannan zarto da takardun zane ga mutanen da ke yin aikin a gida domin sha'awa bayan sun taso daga aiki. Har gobe akwai dubban mutane a Turai da Amurka da ke yi wa 'ya'yansu da jikokinsu kayan wasa ta wannan hanya. Abin da wasu ke yi domin nishaɗi shi Ole ya mayar hanyar cin abinci, ya kuma shigo masa da ƙa'idar ƙwararren kafinta.

Katakon da yake amfani da shi sai an shanya shi shekara biyu a iska, sannan a sa shi a ɗakin gashi na mako uku, domin kada ya tsage ko ya karkace bayan an sayar. Bayan an yanka sai a goge da sanfefa har sai babu wata tsartsa da za ta soki hannun yaro, sannan a shafa fenti ko banish har sau uku. A 1935 ya fito da agwagwar katako mai taya wadda bakinta ke buɗewa yana rufewa idan ana jan ta, ita ce kuma ta fi kowane kayansa suna.

Labarin shafe na uku

A kan wannan agwagwa ce aka yi wani abu da har yau ake ba sababbin ma'aikatan kamfanin labarinsa. Godtfred, ɗansa na uku, ya fara aiki a shagon tun yana ɗan shekara 12. Wata rana aka sa shi ya shirya odar agwagi ya kai tashar jirgi domin a aika wa ƙungiyar kantunan haɗin gwiwa ta Danmak. Da ya dawo sai ya shaida wa mahaifinsa cike da alfahari cewa ya rage wa kamfani kashe kuɗi, domin shafe biyu ya yi wa agwagin maimakon uku, kuma babu mai iya ganewa. Yaron yana jiran yabo, sai uban ya umarce shi da ya koma tasha a daren nan ya kwaso kayan gaba ɗaya, ya kwance su, ya yi musu shafe na uku, ya sake ɗaurewa ya mayar, kuma shi kaɗai zai yi, ba zai kwanta ba sai ya gama.

A lokacin nan Ole yana cikin bashi, kuma gaskiyar yaron ce cewa mai saye ba zai gane ba a ranar da ya saya. Amma zai gane bayan wata shida idan fenti ya fara ɓarewa, kuma daga ranar ba zai ƙara neman kaya mai wannan suna ba. Godtfred da kansa ya riƙa ba da wannan labari har tsufansa, shi ne ma ya sassaƙa taken mahaifinsa a kan allon katako aka rataye a shagon, taken da ke nuna cewa komai kyan abu bai fi ƙarfin a yi wa yaro shi ba.

Yaƙi da gobara ta biyu

A ranar 9 ga Afrilu, 1940, sojojin Jamus suka mamaye Danmak. Kayan wasa na waje suka daina shigowa, aka kuma taƙaita amfani da ƙarfe da roba a kayan da ba na dole ba. Wannan ya buɗe wa masu kayan katako kasuwa, cinikin Ole ya ƙaru sosai, har ya fara ganin haske bayan shekara goma na wahala.

Ana cikin haka, a daren 20 ga Maris, 1942, wuta ta sake tashi. Masana'antar ta ƙone tare da kayan da aka gama da kuma zane-zane da ma'aunan da aka yi shekaru ana tarawa, gidan kwana ne kawai aka samu aka ceto. Ole yana da shekara 50 a lokacin, kuɗin inshora kuma bai isa ya mayar da abin da aka rasa ba. Ya kusa haƙura da sana'ar baki ɗaya. Abin da ya tsayar da shi shi ne tunanin 'ya'yansa da ma'aikatan da ba su da wata madogara a wannan ƙauye. Ya sake cin bashi ya gina sabuwar masana'anta a nan Billund, wadda aka tsara ta musamman domin yin kayan wasa.

A nan ne amfanin shafe na uku ya fito. Wuta ta ci katako da injuna da takardu, amma masu kantunan da suka saba karɓar kayansa suna nan suna jira, masu ba da rance kuma sun san da wanda suke hulɗa. Zuwa 1943 ma'aikatansa sun kai kimanin 40, a 1944 kuma aka yi wa kamfanin rajista a matsayin kamfanin iyali mai hannun jari.

Daga katako zuwa roba

Bayan an gama yaƙi a 1945 katako mai kyau ya yi wuya. A 1946 Ole ya halarci wani baje-koli a birnin Kopenhagen inda aka nuna injin Ingila mai narka roba ya zuba ta a cikin mazubi ta fito da siffar da ake so. Ya yi odar guda a kan kurona 30,000, kuɗi mai yawan gaske ga kamfani irin nasa, injin kuma ya iso a 1947. 'Ya'yansa ba su so ba, suna ganin tsohon zai jefa su cikin wani sabon bashi a kan abin da ba su sani ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana aikin katako shi ne ya fi matasan gane cewa idan kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya.

Kayan robar da ya fara kawo musu kuɗi sosai ita ce 'yar taraktar Ferguson da suka fitar a farkon shekarun 1950, daidai lokacin da manoman Danmak ke barin dawaki suna komawa tarakta. Manoman Gadarif sun san wannan suna sarai, domin jikokin wannan tarakta, wato Massey Ferguson, sun daɗe suna aiki a manyan gonakin dawa da riɗi na wannan jiha. Kuɗin da aka kashe kafin a fitar da ta wasan ta farko ya fi kuɗin tarakta ta gaske, amma ta mayar da kuɗinta har da riba.

Game da bulullukan da suka sa kamfanin ya shahara kuwa, wajibi ne mu faɗi gaskiya, ba Ole ne ya ƙirƙiro su ba. Wani Baturen Ingila mai suna Hilary Fisher Page, mai kamfanin Kiddicraft, shi ne ya fara yin su ya kuma yi musu rajista a ƙasarsa. Samfurinsu ya zo hannun Ole, ya ɗan sauya musu awo, ya fara sayar da nasa a 1949 ba tare da ya nemi izinin mai su ba. Page ya mutu a 1957, sai a 1981 kamfanin LEGO ya sayi haƙƙin zanen daga hannun magadan kamfanin Kiddicraft. Wannan tabo ne a tarihin mutumin da aka sani da gaskiya a aikinsa, kuma bai kamata a ɓoye shi ba.

Da farko bulullukan ba su karɓu ba, domin cikinsu fayau yake, ba sa kama juna da kyau, yaro na gama gini sai ya rushe, har wasu kantuna suka riƙa mayar da su. Godtfred ne ya dage a kansu. A 1955 ya tsara su ta yadda kowane kwali da aka saya zai dace da wanda aka saya a baya, sannan a ranar 28 ga Janairu, 1958, ya yi rajistar sabuwar dabara ta sanya 'yan bututu a cikin kowane bulo domin ya riƙe na ƙasa da shi gam. Saboda tsananin kiyaye awo, bulon da aka yi a 1958 yana shiga cikin wanda aka yi a bana.

Mutuwarsa da abin da ya bari

Tun a 1951 Ole ya gamu da bugun jini wanda ya raunana shi, ragamar kamfani ta riƙa komawa hannun Godtfred sannu a hankali, duk da cewa sun sha saɓani, musamman a kan son da uban ke yi na faɗaɗa gini ko da babu kuɗi a ƙasa. Ya mutu a ranar 11 ga Maris, 1958, yana da shekara 66, makonni shida bayan rajistar bulon da bai rayu ya ga irin cinikin da zai yi ba.

A ranar 4 ga Fabrairu, 1960, gobara ta uku ta cinye sashen kayan katako. Godtfred ya yanke shawarar ba za a sake gina shi ba, abin da ya jawo ɓaraka a gidan, inda Karl Georg da Gerhardt suka fita suka kafa nasu kamfanin mai suna Bilofix, shi kuma ya sayi kason 'yan'uwansa. Ta haka aikin katako ya ƙare a LEGO bayan shekara 28. A 1964 aka buɗe filin jirgin sama a Billund, wanda shi ne na biyu a girma a Danmak, a 1968 kuma aka buɗe dandalin wasan yara na Legoland. Kamfanin ya kusa durƙushewa a 2003 da 2004 saboda ya bazu cikin harkokin da ba nasa ba, sai da ya koma kan bulonsa sannan ya farfaɗo. A yau shi ne kan gaba a duniya wajen cinikin kayan wasan yara, kuma yana hannun zuriyar wannan kafinta.

Abin da ya shafe mu

Ba muna cewa duk wanda ya sassaƙa agwagwa zai zama attajiri ba, domin arziki na Allah ne, kuma Danmak ta 1942 tana da banki da inshora da jirgin ƙasa da ke aiki ko a cikin yaƙi, abubuwan da ɗan'uwanmu da ya baro shagonsa a Omdurman bai samu ba. Amma akwai abin da ya rage a hannun kowa. Wanda aka sani da cika mudu da faɗin aibin kaya kafin a saya, idan ya rasa rumfa zai samu mai ba shi kaya bashi a Gadarif ko Gallabat ko Metema, saboda labarin mutum yana riga shi isa kasuwa. Wanda kuwa aka sani da algus, ko rumfarsa ba ta ƙone ba jarinsa a kan siraɗi yake.

Ga kafintocinmu kuma, sassaƙa ba baƙuwarmu ba ce. Masassaƙanmu sun daɗe suna fitar da turmi da akushi da kujerar mata da allon karatu na itacen aduwa, yaranmu kuma ba su taɓa jiran kanti ba kafin su yi motar kara ko ta langa-langa. Guntayen katakon da ake tarawa a bayan shago a sayar wa masu shayi su hura wuta, da siririn zarto da sanfefa za su iya zama motoci da raƙuma da taraktocin da za a kai kasuwa kafin Sallah, a lokacin da faɗuwar darajar fam ta sa kayan waje suka yi tsada. Sharaɗin kawai shi ne a yi aikin tsakani da Allah, a busar da katako, a goge kaifi, a guji ƙusa mai tsini da ƙananan ɓangarorin da jariri zai iya haɗiyewa, a kuma tabbatar fentin ba mai gubar dalma ba ne, domin yaro komai ya samu baki yake kai wa.

Allah Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri, Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya sa albarka a kasuwanninmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Mai Duka Ya kai mu.